Na kai wa Baban Sabon Gari tsofaffin sandunan sinuka guda uku, ga yadda muka kwashe

Hunturun bana ne ya ja min wannan zirga-zirgar. Wata safiya na ɗauko sandar kawuna zan goge ta kamar yadda na saba, sai naga zoben tagullan da ke bakinta ya yi sako-sako yana juyawa in ka murɗa, fatar kan kuma ta bushe ta tsattsage kamar kaushin diddige. Da na ɗaga ta na kai ido, kai jama'a, ta ɗan karkace wajen kamu ɗaya daga baki. Ba wata karkacewa mai yawa bace, wanda bai san ta ba ba zai ma lura ba, amma ni da ta shekara goma sha a hannuna sai da naji gabana ya faɗi.

Ni dai ina tara tsofaffin sandunan sinuka. Na san wani zai karanta yace wannan bawan Allah bashi da aikin yi, ba komai, uwargida ma ta faɗa har ta gaji ta bar ni. Wani agogo yake tarawa, wani tsofaffin kuɗi, wani tantabaru, ni kuma nan Allah ya ajiye ni. Guda biyar gare ni yanzu. Ta farkon gado ce, kawuna ma'aikacin reluwe ne a nan Zariya tun muna yara, shi ma wani tsohon ubangidansa ne ya bar masa ita, doguwa ce guda ɗaya ba ta rabuwa biyu, a gindinta akwai ɗan farin tambari mai sunan Burroughes & Watts, London. Wannan kamfanin tun 1836 ya fara aikin tebura da sanduna a Ingila. Sauran huɗun kuma tsince-tsince ne, biyu a wajen 'yan gwanjo masu sauke kayan gida na Turai, ɗaya wani aboki ya taho min da ita daga Kaduna, ɗaya kuma a Facebook na saye ta kuma zan zo kan labarinta don ita ce ta haɗa ni rigima da Baba mai gyaran sanda.

Kafin nan, akwai abinda ya kamata mu fahimci juna a kai. Mu nan komai sinuka muke ce masa. Teburin da ke bakin titi a Samaru ko Tudun Wada ko Kwangila, wanda yara ke zagayewa da yamma, mai ƙwallaye masu lamba 1 zuwa 15 ana ƙarewa da baƙar mai lamba 8, wannan a wajen masu abin fuul ne sunansa. Sinuka ta asali teburinta ƙafa 12 ne tsawo, ƙafa 6 faɗi, ƙwallaye 22, jajaye 15, masu launi 6 sai farar. Sojojin Ingila ne suka ƙirƙiro ta a Indiya a 1875. Kuma sandunan ba ɗaya bane. Ta sinuka siririn baki gare ta, milimita 9 zuwa 10, da zoben tagulla, jikinta yawanci itacen ash ne. Ta fuul ɗin Amurka bakinta kauri, wajen milimita 13, itacen meful ne fari sumul, tana rabuwa biyu a tsakiya, kuma ta fi nauyi don ƙwallonsu ya fi girma, milimita 57 ne, na sinuka kuwa 52 da rabi. In ka kai wa mai gyara sanda bai san wannan bambancin ba toh ka yi sallama da ita.

Shi yasa na daɗe ina jan ƙafa. Na taɓa bai wa wani kafinta a unguwarmu wata sanda, ba cikin masu daraja ba alhamdulillahi, nace ya manna min fata kawai, mutumin nan don neman suna ya bi ta da sanfefa mai kaushi tun daga baki har gindi sannan ya zabga mata fentin sheƙi irin na ƙofa. Ya kawo min yana murmushi wai ya mai da ta sabuwa. Tana ƙyalli kam, amma in ka ɗora ta a hannu manne wa fata take kamar an shafa alewa, ga ta ta rame. Tun daga ranar na rantse.

Wani mai tebur a Samaru ne ya kwatanta min Baba. Yace duk sandunan teburansa can yake kaiwa, kuma har kyallen tebur da robar gefe shi yake canza masa. Ba zan faɗi sunansa ko lambarsa a nan ba don ban nemi izininsa ba, kuma wallahi ko na baku lambar wahala kawai zaku sha, zamu zo wajen. Yana Sabon Gari, can wajen masu katako, cikin wani lungu da Napep ba ta shiga sai dai ka sauka ka ƙarasa da ƙafa. Babu allo babu komai. Rumfar kwano ce da ɗan ɗaki a ciki, bencin aiki ɗaya da ya sha duniya, rediyo rataye a ƙusa, buta da dadduma a gefe, yaro ɗaya ɗan koyo. Abinda ya fara kwantar min da hankali tun kafin mu gaisa shi ne sandunan mutane da na gani, ba a jingine suke da bango ba, duk an rataye su ne da igiya baki sama gindi ƙasa, jere kamar an shanya kilishi. Wanda ya san jingina sanda a bango shi ke lanƙwasa ta, toh ya san wani abu.

Nace salamu alaikum Baba, sannu da aiki. Yace yawwa ɗana, bismilla, me ke tafe da kai. Na kwance zanin da na naɗe sandar kawu na miƙa masa da hannu biyu. Bai mirgina ta a benci ba kamar yadda kowa ke yi. Ya ɗaga ta ya ɗora gindin kusa da idonsa kamar mai saita bindiga, ya fuskanci hasken ƙofa yana juya ta a hankali a hankali, sai ya tsaya ya sa babban yatsa daidai inda karkacewar take. Daidai wajen fa. Nace Baba ba za ka mirgina ba? Yace irin wannan ba a mirgina ta, gindinta akwai shafaffen gefe inda tambarin yake, kuma da hannu aka fere ta ba inji ba, ko lafiyarta ƙalau sai ta yi maka rawa a tebur ka zata ta lalace.

Sai ya koma kan gindin, nan ne muka daɗe. Duk mai son ya gane sandar hannu da ta inji ga inda ake dubawa. Baƙin itacen gindi, eboni kenan, ɗan uwan kanyar nan tamu ne, ba fenti bane, haɗa shi ake da farin itacen ya hau jikinsa da harsuna huɗu masu tsini suna kallon sama. In inji ne ya yi haɗin, tsinin harsunan a fiƙe suke kamar bakin mashi. In hannu ne, an fere gefe huɗu na ash ɗin an manna eboni biyu-biyu sannan aka bi da fara aka zagaye, sai kaga kan harsunan ya fito a ɗan zagaye kamar kan yatsa. Ta kawu zagayayyu ne, kuma ɗaya ya ɗan fi sauran tsawo kaɗan. Baba ya shafa wajen da yatsa yace ka ga wannan, hannun mutum ne, wanda ya yi ta ya daɗe da zama ƙasa amma ga aikinsa. Ban ce komai ba. Ya nuna min zanen jikin ash ɗin kuma, waɗannan layukan masu kama da kan kibiya da ke bin sandar, yace kullum ka riƙe ta kibiyoyin na sama suna kallonka, haka kawunka yake riƙewa, dubi inda hannunsa ya cinye. Na duba kuwa, akwai wani waje da itacen ya yi duhu ya yi santsi fiye da ko'ina, shekara goma sha tana wajena ban taɓa lura ba.

Abinda yasa nake rubuta wannan ma gaba ɗaya shi ne abinda ya biyo baya. Ni da bakina nace Baba tunda an zo, a ɗan goge wannan duhun da 'yan tabon da ke jikinta ta yi haske. Yace a'a. Kai tsaye fa, ba wani kwana-kwana. Yace in haske kake so ka shiga kasuwa ga 'yan Chana nan a leda suna ƙyalli, wannan in na sa mata sanfefa na rage mata jiki, kuma abinda na cire ba ya dawowa, ni zobe zan gyara, in sa fata, in lallaɓa karkacewar, in ba ta mai ta sha, shikenan. Mutumin da za a ƙara masa kuɗin aiki yace ba zai yi ba. A garin nan. Ni dai ban saba gani ba.

Ga yadda aikin ya kasance, don na zauna na ga wani ɓangare da idona. Zoben bai canza shi ba, yace tagullar da ce mai kauri ta fi na yanzu, itacen cikin ne ya tsuke saboda bushewar hunturu shi yasa ya yi sako-sako. Ya zare shi ya kankare tsohon gam, ya naɗa siririn zare a wuyan itacen ya sa gam ya mayar, ya zauna daram. Fata kuma ni na kawo tawa, Elk Master, waɗannan shuɗayen da ake yi a Chicago, guda goma aka taho min da su daga Legas. Shi irin wadda yake da ita a shago ta teburin haya ce, mai tauri kamar ƙashi, da kuma irin mai hular roba da ake cusawa a baki. Don Allah kar ku bari a sa muku wannan a sandar kirki. Ku je da fatarku. Ya goge ƙasan fatar ya daidaita, ya ɗiga sufa gulu kaɗan, ya danna da yatsa yana ta hira, can ya kifa sandar baki ƙasa kan wani katako ya bi gefen da reza yana yankewa har ta yi daidai da zobe, ko ƙwarzane ɗaya bai yi wa tagullar ba. Sannan ya zagaye kan ya yi masa ɗan tudu. Ina zaune ina tuna cewa wannan 'yar fatar da ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba ita ce ta canza wasan gaba ɗaya, wani sojan Faransa mai suna Mingaud ne ya fito da ita farkon shekarun 1800, kafin nan katako ne tsirara ke dukan ƙwallo, ba zancen ka ja farar baya ko ka murɗa ta.

Karkacewar ce ta ɗau lokaci, kuma ban ga yadda ya yi duka ba. Abinda na gani shi ne yana ɗumama wajen sama-sama nesa da garwashi, ya danna a gwiwa a hankali ta ɗaya gefen, ya duba, ya rataye, gobe ya sake. Kuma ya gaya min gaskiya tun farko, yace itace yana da taurin kai, zai iya komawa inda ya fito musamman in damina ta shigo ya sha raɓa, kar in ya koma kace na cuce ka. Mai kuma man linsid ne irin wanda masu fenti ke sayarwa, a shafa kaɗan da tsumma a bar shi ya kwana a goge. Nace wani yace min man gyaɗa ma yana yi, ya kalle ni yace ƙuli-ƙuli za ka soya?

Toh yanzu ga inda ban ji daɗi ba, don in na yi ta yabo kawai na zama maroƙi.

Na farko lokaci. Yace min kwana huɗu. Kwana goma sha tara ta yi. Sau uku ina tasowa daga Samaru, ga kuɗin mota ga cunkoson Kwangila, in zo in tarar ko ya tafi ɗaurin aure, ko ya tafi canza kyallen tebur a wani otal, ko yana nan amma yace mai bai gama shiga ba. Wayarsa kuma ƙaramar nan ce mai tocila, tana cikin aljihun rigar da ya rataye, za ka kira sau goma ba a ɗauka ba, in yaron ya ɗauka yace Baba yana sallah ko da ƙarfe goma na safe ne. Na yarda wani jinkirin na aikin ne, ba a gaggawa da itace. Amma da ya ce min sati uku tun farko ai da na zauna a gida hankalina kwance. Kuma ba ya rubuta komai, ba rasit ba lamba a jikin sanda, duk a ka yake riƙewa. Bai taɓa rikita tawa da ta wani ba gaskiya, amma sandar gado ce, kwana goma sha tara ban yi barci mai daɗi ba.

Na biyu shi ne sandar Facebook ɗin nan. 'Yar Amurka ce mai rabuwa biyu, gindinta naɗe da zare, mai sayarwar yana ta rantsuwa wai Balabushka ce ta asali. Dariya kawai na yi na taya ta kuɗin sandar gwanjo ya kuma sallama, wanda wannan kaɗai ya isa amsa. George Balabushka haifaffen Rasha ne da ya zauna a Brooklyn ta New York, ya rasu 1975, duk rayuwarsa sandunan da ya yi ba su wuce dubu da 'yan kai ba, masu tarawa a can dubban daloli suke zubewa a kan guda ɗaya, ita ce za ta zo ta same ni a Zariya a kuɗin buhun masara? Amma dai sanda ce mai kyau a karan kanta, tana da daɗin hannu. Matsalarta marfin haɗin tsakiya ne yake ɗan girgiɗi, in ka buga kaji wani ƙas. Baba ya karɓa yace zai duba. Da na zo karɓa girgiɗin na nan, ƙari kuma farin zoben bakinta ya samu 'yan ƙwarzane biyu wajen yanke fata, don ita ba tagulla bace, reza na kama ta. Na nuna masa, raina a ɓace nace Baba wannan fa ba haka na kawo ta ba. Bai musa ba. Yace wannan laifina ne, kuma haɗin tsakiyar nan aikin injin juya ƙarfe ne, ni bani da shi, da na sani tun farko nace maka ka kai wani waje. Ya cire kuɗin wannan gaba ɗaya. Na ji sanyi da bai yi gardama ba, amma ƙwarzanen na nan har yau ina ganinsu, kuma da ma tun ranar farko ya kamata ya faɗa. Saboda haka in taku irin ta Amurka ce mai haɗi, ni ban baku shawarar ku kai can ba. Hannunsa a kan 'yan Ingila yake.

Sanda ta ukun ba wani labari, fata kawai da mai, ya yi tsaf.

Kuɗi kuwa, ni na ma ji kunya. Duka aikin sandar kawu da ta ukun abinda ya nema bai kai abinda na kashe a zirga-zirgar mota ba, sai da na ƙara masa da kaina na kuma ba yaron na shayi. Ku riƙe tsabar kuɗi, ba ya karɓar tiransifa, sai dai ku fita bakin titi wajen mai POS.

Ranar da na karɓo ban ma je gida ba, kai tsaye na wuce wajen mai teburin nan na Samaru bayan la'asar kafin yara su cika. Na san ba teburinta bane, ƙwallayen sun mata nauyi, don haka ban fasa da ita ba, na ari ta haya na fasa sannan na ɗauko ta. Na goga alli. Bugun farko wata doguwa ce zuwa ramin kusurwa, naji wannan ƙarar mai taushi, tak, ba ƙas ba, farar ta tsaya cak inda ta daki ƙwallon. Wani yaro da ke gefe yace Alhaji ara min in gwada mana. Nace ko ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ba ya taɓa ta. Suka yi ta dariya wai sanda sai kace amarya. Su ba su san Stephen Hendry ba ne, mutumin da ya ci kofin duniya na sinuka sau 7 da wata sanda mai arha ta fam 40 da aka saya masa yana yaro, aka karya masa ita a kayan jirgi a 2003 yana dawowa daga Tailan, kuma duk da manyan masu yin sanda na Ingila a shirye suke su yi masa wadda yake so, bai ƙara cin kofin duniya ba. Hannu in ya saba da itace ya saba.

Wani dattijo ma da ke wucewa ya tsaya yana min kallon ashe kai ma kana nan, don kun san yadda ake ɗaukar wajen sinuka a garin nan, matattarar 'yan caca da zaman kashe wando. Wani wajen haka ne kam, ba zan kare ba. Ni dai ko sisi ban taɓa sawa ba, wasa uku na yi na naɗe kayata a zani na kama hanya kafin magariba.

Yanzu sati shida kenan, zobe na nan daram, fata ta zauna ta yi daidai, karkacewar kuma ina dubawa duk Juma'a a hasken taga, zuwa yanzu ba ta dawo ba amma damina ba ta sauka ba tukuna. Na buga ƙusoshi a bayan ƙofar ɗaki na rataye su duka biyar yadda naga ya yi, uwargida tace saura in saya musu gidan sauro. Akwai ɗaya cikin 'yan gwanjon da ebonin gindinta ya fara ɗagowa a harshe ɗaya, ita zan kai masa ranar Asabar, kuma wannan karon in yace kwana huɗu zan ce toh Baba, sai bayan Sallah kenan.